Wadda Ta Fi Kaiwa Nesa

Sufeto Atiku Abdulƙadiri yana tsaye a ƙofar ofishin 'yan sanda na Goronyo yana hura shayinsa na safe, wani mai babur ya shigo harabar a guje. Bai gama tsayawa ba ya fara magana.

"Ranka shi daɗe, an tsinci gawa cikin kanal, ƙasa da dam. Mace ta."

Atiku ya aje kofin a bakin taga. Aikin nan ya koya masa cewa gawa a wannan yanki ba ta zuwa ita kaɗai. Tana tafe da zargi, zargin kuma yana tafe da adda da gora. Ya kira Saje Sama'ila, suka shiga motar sintiri.

Masu ban-ruwan albasa ne suka gan ta, inda ciyawa ta tare ta a bakin kwalbati. Sun fito da ita sun lulluɓe da zane. Tsohuwa ce siririya, Inna Habi, daga rugar da ke bayan gonakin. Duk garin an san ta da tallan nono.

A gefe, wasu samarin Fulani sun yi cirko-cirko, kowa da sandarsa. Ɗaya ya matso, dogo, idonsa ya kaɗa amma babu hawaye.

"Mahaihiyarka ta?" in ji Atiku.

"Awo, Yallaɓai. Sunana Jelani."

"Yaushe rabonka da ita?"

"Jiya da hantsi ta tahi kasuwa. La'asar taka dawowa, bisa gaɓar kanal ɗin ga. Munka jira, munka bi hanya muna kira, shiru." Ya juya ya nuna wata gona da sanda. "Sa'adu na. Mai gonar can. Bara shanunmu sunka taɓa mishi albasa, yac ce sai ya zubar da jinin wani daga rugarmu. Kuma shina da bindiga."

Atiku ya tsuguna ya ɗaga gefen zanen. Babu sara, babu alamar shaƙa. Sai da ya kawar da kitsonta ya ga wani ɗan rami a bayan kunnen dama, bai fi ƙwayar wake ba.

Ya miƙe. "Jelani, za mu kai ta asibiti likita ta duba, mu maido maka ita ku yi mata sutura yau. Ka riƙe mini samarin ga."

"Ina riƙe su har mu ruhe ta. Bayan nan, Yallaɓai, ban san ko za su ji maganata ba."

Atiku ya ja Saje gefe. "Tahi ka ɗauko Sa'adu ka kai ofis. Ka ce mishi don lahiyar ransa na."

A asibiti, Dakta Mansura ba ta daɗe ba ta fito da wani ɗan faranti na ƙarfe. A tsakiyarsa akwai 'yar dalma, kai a mulmule, ƙugu a tsuke kamar ƙaramin kalangu.

"Cikin ƙashi nis same ta," in ji ta. "Ba harsashi ba na. Dalmar bindigar iska ta, irin wadda aka harbin tsuntsaye da ita."

"Ita tak kashe ta?"

"A'a. Ta fasa ƙashi, ta gigita ta, amma ba ta shiga ƙwaƙwalwa ba. Ruwa yak kashe ta, Sufeto. Tana numfashi sanda tah hwaɗa ciki."

"Kenan da wani ya miƙa mata hannu…"

"Da yanzu tana kwance a ɗakin mata tana mana faɗan mu sallame ta."

Atiku ya dubi 'yar dalmar. Abu kamar ƙwayar masara. Ya zuba ta a 'yar leda, ya sa aljihu.

Sa'adu yana zaune a benci a ofis, ƙafafunsa da busasshiyar laka, hularsa a hannu yana murzawa.

"Ina kake jiya da la'asar?"

"Gida, ranka shi daɗe. Ban lahiya."

"Masu ban-ruwa sun ce injinka na aiki har rana ta yi sanyi. Shi yat tada kansa?"

Sa'adu ya sunkuyar da kai. "Tsoro yas sa ni. Ina gona. Amma wallahi ban ga tsohuwar ba. Maganar da niy yi bara, zahin rai na. Mun sasanta gaban hakimi."

"Bindigarka fa?"

"Adaka ta, ta kakana. In anka harba ta, har Giyawa sai an ji."

Saje ya riga ya karɓo bindigar. Tsatsa ta cinye bakinta, gizo-gizo ya yi saƙa a ciki. Atiku ya tura ta gefe.

"To mi kag gani, mi kaj ji?"

"Wata farar mota, tsallaken kanal, ƙarƙashin itatuwan dalbejiya. Mutum biyu, masu fararen kaya. Ina jin wani abu tas, tas, kamar ana karya kara. Nic ce 'yan birni na sunka zo shan iska. Can sai nig ga motar ta tashi da gudu."

"Ka zamna nan. Ba a tsare kake ba, amma in ka hita yanzu ba ni da tabbacin ka kai gida."

Wurin da Sa'adu ya kwatanta yana da inuwa mai daɗi, yana kallon ruwa. Tun daga nesa Atiku ya ga ƙudaje.

Gwangwanayen lemo ne a jere bisa wani kututture, duk sun sha huji. Ga ledojin tsire, ga robobin ruwa. Daga nan sai tsuntsaye. Balbelu farare, a warwatse cikin ciyawa, wasu a bakin ruwa fukafukai a buɗe. Babu wadda aka yanka, babu wadda aka ɗauka. Ɗaya tana da sauran rai, tana jan ƙafa tana buɗe baki.

Saje Sama'ila ya yi tsaki. "Ko maharbi in ya kashe, ci shika yi. Balbela kuwa wa ka cin ta?"

"Ba don ci sunka yi ba."

Atiku ya fiddo 'yar wuƙarsa ya ƙwaƙule kututturen. Dalma ta faɗo a tafinsa, ya ƙara ƙwaƙulo wasu. Iri biyu ne: ƙanana kamar ƙwayar dawa, da manya. Ya fito da ta aljihunsa ya gwada. Babba ce.

A gindin itacen akwai takardar goge hannu da aka dunƙule, jini ya jiƙa ta ya bushe. Ɗige-ɗigen jinin sun bi ƙasa har inda sawun taya ya fara.

"Na tsuntsu na?" in ji Saje.

"Tsuntsu ba ya goge jini da takarda ya shiga mota."

Atiku ya tsaya a inda masu harbin suka tsaya, ya ɗaga kai. Daga nan gaɓar tsallake a fili take, babu ko kara da ya tare. Duk wanda ya bi hanyar, ana ganinsa daga ɗankwali har ƙafa. Duk wanda ya faɗa ruwan ma ana ganinsa.

Ya buga waya ga wani abokin aikinsa a Rabah ya tambaye shi wa ke sayar da bindigar iska a wannan yanki. Amsar ba ta ɗauki lokaci ba: Alhaji Yazid, mai shagon kayan su da na farauta a bakin kasuwa.

Sun bi ta Wurno suka gangara Rabah, rana tana tsaka. Shagon cike yake da taru, ƙugiyoyi, fitilun goshi da takalman roba. Alhaji Yazid gajere ne mai fara'a. Da ya ga baƙi a farin kaya, bai gane 'yan sanda ba ne.

"Bindigar iska nika nema," in ji Atiku. "Ta wasa."

Fuskar Alhaji ta washe. Ya shiga ciki ya fito da guda biyu ya shimfiɗa bisa kanta.

"Dut biyun sifirin ag gare su, wani murɗaɗɗen ƙarhe a ciki. Ba albarushi, ba harsashi. Ka ɗana sifirin, shi tura iska, iska ta tura dalma. Wagga," ya ɗaga siririyar, "mai karya baki ta. Ka kama bakin ka lanƙwasa, ka sa dalma, ka maida. Ba nauyi, ba ta gajiyar da hannu, ƙaramar dalma taka ci. In gwangwani kaka so ka harba bayan gida, ita ta dace da kai. Illarta, in anka yi nisa iska na karkatar da dalmar."

"Ɗayar fa?"

"Wagga ta maza ta." Ya ɗaga ta da hannu biyu. "Bakinta ba ya motsi, shi yas sa saitinta bai canzawa. Ga ƙarhen ɗanawa nan ƙasa, sai ka ja shi da ƙarhin kahwaɗa. Babbar dalma taka ci. Tana zabura in ta tashi, sai ka saba da ita. Amma in ta sami abu, ya san an same shi. Abu guda nika gargaɗin mutane: in ka ja ƙarhen, ka tabbata ya kama kahin ka tura yatsa ka sa dalma. In kay yi garaje yak kuɓuce, sai ta datse maka babban yatsa kamar tarkon ɓera."

"Kai wacce za ka zaɓa?"

"Ya danganta da mi mutum shika so. Shi yas sa manyan kwastomomina nika ba su dut biyun su tahi su gwada."

"Wa kab ba kwanan ga?"

"Ba kowa."

Atiku ya fiddo katinsa ya aje bisa kanta, ya aje 'yar ledar dalmar a kusa da shi. "Daga kan wata tsohuwa anka ciro wagga. Yanzu haka ana haƙa kabarinta. In sake tambaya?"

Fara'ar ta gudu. Alhaji Yazid ya nemi kujera ya zauna.

"Musaddiƙ, ɗan gidan malamai na Wurno, wanda ka aiki birni. Da abokinsa Hanif mai shagon waya. Sun ɗauki irin waɗanga biyun, ƙarama da babba, sunka ce za su dam su gwada, Musaddiƙ shi zaɓi guda. Ba su maido ba tukuna."

"Gobe da sahe ka zo ofishinmu na Goronyo. Zancen takardar izinin saida su kuma, za mu dawo kansa. Wagga babbar ina aronta."

Shagon Hanif yana kan babban titin Wurno. Matashi ne mai gilashi, yana zaune bayan kanta, abincin ranarsa a rufe bai taɓa ba. Da ya ji sunan Goronyo, hannunsa ya fara neman abin riƙewa.

"Mun je dam, gaskiya na. Gwangwanaye munka harba."

"Da balbelu."

"Da… wasu tsuntsaye."

"Yaushe kunka baro?"

"Tun kahin la'asar."

"Kun ga wani ya wuce ta tsallake?"

"Ba mu ga kowa ba."

"Wacce bindiga ka riƙa?"

"Ƙarama. Babbar ban iya ɗana ta. Na hwaɗi da babur bara, kahwaɗata ba ta koma daidai ba." Ya duƙa ya jawo bindigar daga ƙarƙashin kanta, a naɗe cikin tabarmar salla. "Ga ta nan. Ku tahi da ita, ban son ganinta."

Atiku ya dubi tabarmar, ya dubi Hanif. Ya warware bindigar ya miƙa wa Saje, ya ninke tabarmar ya aje a kan kanta.

"Nuna mini hannuwanka."

Hanif ya miƙa. Babu ko ƙwarzane.

"Babbar tana ina?"

"Wurin Musaddiƙ."

Gidan su Musaddiƙ tsohon gida ne mai faɗin zaure, bango ya sha farar ƙasa. Daga ciki ana jin muryar mahaifinsa yana fassara wa manyan ɗalibai littafi. Farar mota tana ƙofar gida, an wanke ta tas har tayoyi.

Musaddiƙ ya fito cikin shadda mai maiƙo, ƙamshin turare ya riga shi isowa. Ya girmi Hanif kaɗan, yana da cikar fuska da murmushin wanda ba a saba ce wa a'a ba. Hannunsa na dama yana cikin aljihu.

"Sannunku da zuwa. Lahiya dai?"

Atiku ya miƙa masa hannu. Babu yadda Musaddiƙ zai yi a ƙofar gidan ubansa, sai ya fiddo nasa. Babban yatsan a naɗe yake da bandeji, ya yi dam. Atiku ya riƙe a hankali, duk da haka Musaddiƙ ya ja iska ta haƙori.

"Mi yas same ka?"

"Ƙohwar mota."

"Allah shi sawwaƙe. Jiya kun je dam da Hanif."

"Mun ɗan je shan iska. Mutum in ya yi mako shina fama da ofis, ai shina buƙatar shi huce."

"Wacce bindiga ka riƙa?"

"Ƙarama. Babbar ko taɓa ta ban yi ba, Hanif yad dinga fama da ita. Tana wurinsa ma."

"Shi kuma ya ce tana wurinka."

Musaddiƙ ya yi 'yar dariya. "Hanif kenan. Sufeto, ban san ko ka san gidan da kake tsaye ba. Mu ba a san mu da…"

"Na sani. Shi yas sa ban shiga na katse wa Malam karatu ba. Buɗe mini but ɗin motar."

But ɗin babu komai sai ƙamshin sabulu. Musaddiƙ ya ɗaga gira.

"Gobe da sahe ka zo Goronyo," in ji Atiku. "In ba ka zo ba, ni za ni dawo, da kaki da motar sintiri, kuma a zaure za ni tsaya."

A hanya Saje ya ce, "Ranka shi daɗe, mi yah hana mu tahi da shi yanzu?"

"Ba mu da bindigar, kuma dut biyun ƙarya suka yi. Bari su kwana kowa na tunanin abin da ɗan'uwansa yac ce."

Sun tsaya a ruga kafin su koma ofis. An riga an rufe Inna Habi. Atiku ya yi wa Jelani ta'aziyya, ya ce masa ba Sa'adu ba ne, kuma gobe ya zo ya ji da kunnensa.

Washegari ofishin Sufeto ya cika. Hanif a kujera ɗaya, idanunsa sun faɗa. Musaddiƙ a ɗayar, ya ɗora ƙafa kan ƙafa. Alhaji Yazid yana tsaye jikin bango. A kan tebur akwai ƙaramar bindigar da Hanif ya bayar, da babbar da aka aro daga shago. Jelani yana waje a gindin taga, inda Atiku ya ce a bar shi.

"Dalmar da ta sami Inna Habi babba ta," in ji Atiku. "Kenan daga irin wagga ta hito. Kowanenku ya ce ɗan'uwansa ya riƙa ta. Hanif, tashi ka ɗana."

Hanif ya ɗauki bindigar, ya kafa gindinta a cinya, ya kama ƙarfen ya ja. Ya zo rabi, fuskarsa ta yamutse, kafaɗar ta ƙi. Ya sake gwadawa, gumi ya keto masa. Saje ya karɓe.

"Wasa shika yi," in ji Musaddiƙ. "Ai ba haka aka riƙe ta ba. Sai ka kafa ta a ƙugu, ka kama can ƙarshen ƙarhen, ka ja a tashi guda har ka ji ƙas."

Atiku ya ɗago kai ya dube shi.

"Wanda bai taɓa ta ba," in ji Atiku, "ya iya ta haka?"

"Na… na ga yadda Alhaji yay yi a shago."

"Kwance bandejin."

"Likita ya ce kada…"

"Saje, taimaka mishi."

Da aka warware, yatsan ya kumbura ya yi baƙi, farcen ya tsage. A bisansa akwai shatar ƙarfe mai lanƙwasa kamar jinjirin wata. Atiku ya ja ƙarfen babbar bindigar har ya kama, ramin sa dalma ya buɗe, ya juya ta yadda kowa zai ga bakin ramin. Lanƙwasar iri ɗaya ce.

"Alhaji, ƙohwar mota na yin haka?"

Alhaji Yazid ya girgiza kai. "Cizonta na. Na sha ganinsa."

"Kuma akwai takarda mai jini da munka ɗauko gindin dalbejiya. In kana so mu aika a auna, sai mu aika."

Hanif ne ya fara karyewa. Ya cire gilashinsa ya rufe fuska.

"Gardama munka yi," in ji shi. "Nic ce ƙaramar ta hi saiti, yac ce babbar ta hi kaiwa nesa. Munka gama da gwangwanaye, munka koma ga tsuntsaye. Sai ga tsohuwar ta ɓullo tsallake da ƙwarya bisa kai. Yac ce ga abin da za shi raba gardama, kowa shi nemi ƙwaryar. Ni nif fara. Tawa ta hwaɗa ruwa, ba ta kai ba. Sai shi yah harba."

"Rufe mini baki," in ji Musaddiƙ.

"Ci gaba," in ji Atiku.

"Tad dahe kai, tay yi taga-taga, tag gangara cikin kanal. Ƙwaryar ta bi ruwa tana yawo. Nic ce mu tahi mu hid da ita. Yac ce tsorata tay yi, yanzu za ta hito, bari shi sami ƙwaryar tukuna kahin ta wuce. Shina garajen sa wata dalmar, ƙarhen yak kuɓuce."

"Sannan?"

"Jini ya dinga zuba. Yac ce in ja mota mu nemi kemis."

Atiku ya juya ga Musaddiƙ. Ya daɗe yana kallonsa, kamar yadda mutum ke kallon abin da ya taka a hanya.

"Tana cikin ruwa, kai kana neman bandeji."

Ƙafar Musaddiƙ ta sauko daga kan ɗayar. Muryarsa ta sirance. "Ƙwaryar nika nema, wallahi ƙwaryar. Ban yi niyyar taɓa ta ba. Bindigar wasa ta, wa zai ce tana kisa? Kuma ruwan bai kai wuya ba, na ɗauka za ta miƙe."

"Ka waiga ka gani ko ta miƙe?"

Musaddiƙ ya kawar da kai.

"Ka waiga?"

"A'a."

"Ina bindigar?"

"Cikin silin ɗakina."

"Mi yas sa ba ka jefar da ita ba? Ko ka maida wa mai ita?"

Alhaji Yazid ne ya yi gyaran murya daga jikin bango.

"Ranka shi daɗe, akwai abin da ban hwaɗa maka jiya ba. Ranar, bayan magariba, ya bugo mini waya. Yac ce ya gama gwaji, ya zaɓa. In bar mishi babbar."

"Ya ce don mi?"

Alhaji ya dubi ƙasa. "Yac ce ita ta hi kaiwa nesa."

Saje Sama'ila ya furta innalillahi a hankali. Atiku ya dubi Musaddiƙ. Ya kama ɓarayin shanu, ya kama masu kisa don gaba da masu kisa don tsoro, kowannensu da dalilin da yake rakuɓewa a bayansa, ko da ruɓaɓɓe ne. Wannan ko ruɓaɓɓen ba shi da shi.

"Haka na?" ya tambaya.

Musaddiƙ ya gyaɗa kai.

"Da baki."

"Haka na. Ni nah harbe ta."

Atiku ya tura wa Saje takardar ɗaukar bayani. Ya ce a tura mota Wurno a ɗauko bindigar daga silin, a sallami Sa'adu, a kuma raka shi har gida. Hanif ya miƙa hannuwansa tun kafin a ce masa, domin shi ma ya harba, shi ma ya ja mota ya tafi.

Da ankwa ta zo kan Musaddiƙ, ya janye hannun dama. "A hankali, yatsana."

Saje bai ko dube shi ba, ya datse.

Za a kai su ɗakin tsaro da ke ɗaya ɓangaren harabar. Musaddiƙ ya leƙa ta taga ya ga Jelani a tsaye, ga samarin ruga a bakin ƙofa, ga masu ban-ruwa da suka biyo Sa'adu, ga masu babura sun kashe injin suna jira. Ya matso kusa da Atiku ya rage murya.

"Sufeto, don darajar Malam. Babu ƙohwar baya? Mutanen ga dut sun san gidanmu."

Atiku ya ɗauki hularsa ya sa. Ya buɗe ƙofar gaba har ta bugi bango.

"Akwai," in ji shi. "Saje, ta nan."